Tarihin Marigayi Jibo Bakari, Ɗan Sandika

Dattawan ƙasar nan, daga Yamai har Damagaram, sun fi sanin marigayi Jibo Bakari da jam'iyyar Sawaba mai alamar raƙumi, da kuma ƙuri'ar a'a ta shekarar 1958. Akwai wani sashe na rayuwarsa da ba a cika ba da labarinsa ba, alhali kuwa shi ne tushen sauran, wato shekarun da ya yi yana jagorancin ƙungiyar ma'aikata, wadda aka fi sani da sandika, a daidai lokacin da aka kafa dokar da ta wajabta wa mai ba da aiki ya zauna da ma'aikatansa su daidaita a kan albashi da lokacin aiki. Jibo yana cikin mutane ƙalilan da suka ɗanɗani wannan zama ta fuska biyu. Da farko shi ne bakin ma'aikata mai neman ƙari, daga baya kuma ya zama shugaban gwamnatin da ake neman ƙarin a hannunta.

An haife shi a 1922 a Sudure, wani ƙauyen Zabarmawa da ke bakin kogin Isa, kusa da Yamai. Garin nan ne kuma mahaifar Jori Hamani, su biyun ma dangin juna ne. Tun yana yaro aka kai shi Tawa, can ya shiga lakkol, can kuma Hausa ta zauna a bakinsa, abin da ya yi masa rana ƙwarai daga baya. Ya ci gaba da karatu a Yamai, sa'an nan ya wuce makarantar horon malamai ta William Ponty a ƙasar Sanagal, inda Faransa ke tara zaɓaɓɓun yara daga ƙasashen Afirka ta Yamma da ke hannunta. A farkon shekarun 1940 ya komo gida ya kama aikin koyarwa, ya yi zama a Birnin Ƙonni da kuma Agadas.

Kafin a gane darajar abin da ya biyo baya, sai an tuna yadda aiki yake a wancan zamani. In kumandan yana bukatar mutane, sai ya aika wa sarki da adadi, sarki ya raba wa masu gari, masu gari su fiddo magidanta da samari. Da ƙarfin talakawa aka share hanyoyin mota na farko, irin wadda ta tashi daga Damagaram ta ratsa Damargu ta Tanut zuwa Agadas, da shi aka gina barikoki, da shi aka yi dakon kaya. A lokacin yaƙin duniya na biyu abin ya ƙara tsanani, aka haɗa da karɓar hatsi da dabbobi. Wannan shi ne aikin dole, kuma ba a ciniki a cikinsa. Wanda ma ya samu aikin albashi a kantin Bature, abin da maigida ya yanka shi ne albashinsa, ranar da ya ga dama kuma ya sallame shi. A 1937 Faransa ta ba da izinin kafa sandika a ƙasashen nan, amma aka gindaya sharaɗin iya karatu da rubutu da Faransanci, sharaɗin da ya fid da kusan kowa. Sai a 1944 aka sake buɗe ƙofar, a ranar 11 ga Afrilu 1946 kuma majalisar Faransa ta soke aikin dole da dokar da ke ɗauke da sunan Hufuwet Buwanyi na Kwaddibuwa.

A shekarar nan ta 1946 aka kafa jam'iyyar PPN a Yamai, wadda ta zama reshen RDA a Nijar. Jibo ya shige ta tun yana Agadas, a 1947 ya zama babban sakatarenta, ya bar aikin koyarwa. Gwamna Tobi bai ɓoye ƙiyayyarsa ga jam'iyyar ba, ya matsa wa ƴaƴanta da canjin wurin aiki da kora da ɗauri. A 1950 Hufuwet ya raba gari da jam'iyyar kwaminis ta Faransa, wadda RDA ke tafiya da ita a majalisa, don ya samu sassauci daga masu mulki. Jori Hamani da Bubu Hama suka bi shi. Jibo ya ƙi, a 1951 kuma hanya ta raba su.

Ga mutum bai cika shekara 30 ba, ba jam'iyya, ba albashi. Sai ya kama aikin garka a Yamai, ya kafa sandikar ma'aikatan gona, daga nan ya zama jagoran haɗaɗɗiyar ƙungiyar sandikoki ta Nijar, wato USCN, wadda ke da alaƙa da babbar ƙungiyar CGT ta Faransa.

Nijar ba ƙasar ma'aikatan albashi ba ce a lokacin. Ba ta da jirgin ƙasa, ba ta da tashar jirgin ruwa, saboda haka babban yajin ma'aikatan reluwe da aka yi daga Oktoba 1947 zuwa Maris 1948 a Sanagal da maƙwabtanta labarinsa kawai aka ji a nan. Masu albashi ƴan dubbai ne a cikin jama'ar da ko a 1960 ba ta wuce kimanin miliyan 3 ba. Akwai na gwamnati: akawuna, malaman lakkol, ma'aikatan likita da na gidan waya. Akwai kuma na manyan kantunan Turawa irin CFAO da SCOA, masu sayen gyaɗa a Maraɗi da Damagaram. A ƙarƙashin waɗannan duka akwai tarin mutanen da ba wanda ya ɗauke su a bakin kome: leburori, masu dako, magina, kafintoci, direbobi da yaran mota, kuku da boyi. Masu ilimin boko sun riga sun san hanyar kai kukansu. Abin da ya bambanta Jibo da sauran ƴan bokon zamaninsa shi ne ya nufi waɗannan na ƙasa, ya yi musu magana da Hausa da Zabarmanci, ya sa su cikin ƙungiya. Direbobi musamman sun yi masa amfani, don su ne ke bin hanyoyi, duk tashar da suka yada zango labari ya sauka tare da su. A Damagaram ya samu samari masu himma, cikinsu har da Abdullahi Mamani, wanda daga baya ya rubuta littafin Sarauniya.

A wannan lokaci majalisar Faransa ta yi shekaru tana jan ƙafa a kan dokar aiki ta ƙasashen da take mulka, domin masu kamfanoni ba su so. Sandikokin Afirka ta Yamma suka taru a Dakar a watan Oktoba 1952, suka tsai da ranar 3 ga Nuwamba ta zama ranar yajin aiki na gama-gari. Yajin ya karɓu a manyan garuruwa, bai kuwa yi wata guda ba majalisa ta amince. Aka sa wa dokar hannu ranar 15 ga Disamba 1952.

Doka ce mai aya 241. Ta haramta aikin dole baki ɗaya, ta tabbatar da ƴancin shiga sandika, ta tsai da awa 40 a mako, ma'aikatan gona kuwa awa 2,400 a shekara. Ta ba da hutu da albashi, ta sa gwamna ya yanke mafi ƙanƙantar lada da ba a halatta a biya kowa ƙasa da ita ba. Ta kafa kotunan aiki, ta ƙarfafa sufetocin aiki masu ikon shiga kowace ma'aikata su duba. Ta kuma ba ma'aikata damar zaɓen wakilai daga cikinsu, waɗanda ba a korarsu sai da yardar sufeto. Amma abin da ya fi canja zaman maigida da ma'aikaci shi ne babin yarjejeniyar aiki ta gama-gari, saboda haka ya kamata a tsaya a kansa kaɗan.

Idan lebura ɗaya ya je neman aiki, ba shi da ƙarfin ciniki, don in ya ƙi abin da aka taya akwai goma a bakin ƙofa da za su karɓa. Yarjejeniyar gama-gari ita ce maganin wannan rauni. Wakilan sandika da wakilan masu kamfanoni na sana'a guda, misali gini ko kasuwanci, su ne ke zama cikin kwamiti ɗaya, kowane ɓangare da nasa mutane, jami'in gwamnati yana tsakani. Sai su bi al'amura ɗaya bayan ɗaya. Su kasa ma'aikata aji-aji, daga lebura zuwa ƙwararre, su yanka wa kowane aji mafi ƙarancin albashinsa. Su tsai da kwanakin gwaji kafin a tabbatar da mutum, da ladar awoyin da suka haura ƙa'ida, da ƙarin da ake samu saboda daɗewa, da wa'adin da za a ba mutum kafin a sallame shi, da kuɗin sallamar. In an sa hannu, abin ya hau kan kowa, maigida ba shi da ikon yin kwantaragi da wani a ƙasa da haka ko da mutumin ya yarda. Hukuma kuma tana iya shimfiɗa yarjejeniyar a kan dukan masu wannan sana'a, har waɗanda ba su halarci zaman ba. Ashe ke nan abin da aka faɗa a ɗaki guda yana iya gyara albashin magini a Tanut wanda bai taɓa jin sunan kwamitin ba.

Dokar ta kuma ce aiki iri ɗaya lada iri ɗaya, ba tare da duba asalin mutum ba. Wannan magana ta fi kowace sosa zuciya, domin kowa yana ganin Bature da baƙin mutum a ofis guda, aiki guda, albashi kuwa sama da ƙasa. Maganar ba ta tsufa ba. A ƙasar Tanut, inda aka buɗe matatar man fetur ta SORAZ a 2011, bambancin albashi tsakanin baƙi da ƴan ƙasa ya daɗe yana jawo ƙorafi, a watan Maris 2025 kuma yana cikin dalilan da hukuma ta bayar sa'ad da ta sallami wasu shugabannin kamfanonin mai ƴan ƙasar Sin.

To, samun doka daban, cin moriyarta daban. Da Faransanci aka rubuta ta, a ƙasar da ko a 1960 yaran da ke lakkol ba su kai 5 cikin 100 ba. Wakilin ma'aikata a gareji ko a kantin gyaɗa sau da yawa bai iya karanta takardar albashinsa ba, balle aya ta kaza. Wasu shugabannin sandika sun samu zuwa ƙaro sani a Turai, amma na ƙasa sai abin da aka fassara musu a wurin taro da dare bayan an tashi aiki. Ɗaya ɓangaren ma ba gwaninta gare shi ba. Wakilan kamfanoni da yawa sun saba da ba da umurni, ba su taɓa zama kujera da kujera da baƙin ma'aikaci suna jayayya a kan lissafi ba, wasunsu kuma dokar ba su karanta ta ba. Irin horon da ake shiryawa a zamanin yau, inda ake tara wakilan ma'aikata da na shugabannin ma'aikatu a ɗaki ɗaya a karanta musu yarjejeniya tare, ba a san shi ba. Kowane ɓangare a cikin rigima ya koyi darasinsa. Tsohon malamin lakkol ya dace da wannan hali, gama rabin aikin sandika a shekarun nan koyarwa ne.

Rigimar farko ba ta daɗe ba ta taso, kuma a kan lissafi ne. Kafin dokar ana aikin awa 48 a mako, yanzu an mai da shi 40. Tambaya ita ce, albashin mako zai ragu ko zai tsaya? A ɗauki misalin mutumin da ake biya dala 5 a awa. A awa 48 yana tashi da dala 240, a awa 40 kuwa dala 200. In ana so ya koma gida da abin da ya saba, sai an mai da awarsa dala 6, wato ƙarin kashi 20 cikin 100. Masu kamfanoni da gwamnoni suka so a rage awoyi ba tare da cikakken ƙarin ba. Sandikoki suka ce hutun da ya zo da yunwa ba hutu ba ne. A 1953 yaji ya bi ƙasashen Afirka ta Yamma ɗaya bayan ɗaya. A Nijar ƙungiyar Jibo ce ta ja gaba, leburori da masu aikin hannu suka ajiye aiki, abin da Yamai ba ta saba gani ba. A Gine, ƙarƙashin Seku Ture, yajin ya wuce wata biyu, daga Satumba zuwa Nuwamba. A ƙarshen shekarar Faransa ta sakko, aka ƙara mafi ƙanƙantar lada. Daga nan sunan Jibo ya fita daga da'irar ƴan boko ya shiga kasuwa da tasha.

Sauran abubuwa suka biyo a hankali. A 1956 aka fara biyan ma'aikatan kamfanoni kuɗin iyali, aka kafa asusunsa, wanda shi ne asalin hukumar CNSS. A shekarar nan kuma aka sa hannu a Dakar a kan manyan yarjejeniyoyi na dukan Afirka ta Yamma ta Faransa, ta masu gini da aikin hanya a watan Yuli, ta kasuwanci a watan Nuwamba.

Jibo bai tsaya a sandika ba. A 1954 ya kafa jam'iyyar UDN, kuma mutanen da ya tara a wurin aiki su ne suka zama ƙashin bayanta. Kirarin da magoya bayanta ke yi, Sawaba, shi ya zama sunanta, kalmar da kowane Bahaushe ya san tana nufin samun sauƙi bayan wuya. A watan Nuwamba 1956 ya zama zaɓaɓɓen magajin garin Yamai na farko, bayan ya ƙulla ƙawance da jam'iyyar BNA mai goyon bayan sarakuna da yawa. A Janairu 1957 sandikokin yankin suka haɗu a Kotonu suka kafa UGTAN, ƙungiya ta ƴan Afirka zalla wadda ba reshen wata ta Faransa ba ce, ƙungiyarsa tana ciki. Ranar 31 ga Maris 1957 aka yi zaɓen majalisar ƙasa, ɓangarensa ya ci kujera 41 cikin 60. A watan Mayu ya zama mataimakin shugaban majalisar gwamnati, gwamna Bature yana shugaba, a Yuli 1958 kuma shugabancin ya dawo hannunsa.

Nan ne al'amarin ya juya. Dokar 1956 da ta ba ƙasashen nan ɗan ikon cikin gida, wadda ake kira da sunan minista Defer, ta zo da wata dabara. A da, in ma'aikatan gwamnati sun nemi a daidaita su da Turawa, Faransa suke kai wa kuka, baitulmalinta kuwa mai zurfi ne. Yanzu sai aka ɗora albashin mafi yawansu a kan kasafin kuɗin kowace ƙasa, aka ce wa sababbin ministoci baƙaƙe ga ma'aikatanku nan. Babban mai ba da aiki a Nijar shi ne gwamnati, shugaban gwamnatin kuwa shi ne ɗan sandikan jiya. Kuɗin Nijar daga ina suke fitowa? Daga gyaɗa, da kuɗin fito, da lanhon da ake karɓa a kan kowane baligi da kowace dabba. Saboda haka duk dalar da za a ƙara wa akawu a Yamai, wani manomin gero a Falanko ko makiyayi a ƙasar Belbeji ne zai sayar da tiya ko akuya ya biya ta. Shi kuwa wannan manomi dokar 1952 ba ta san da zamansa ba. Ba shi da awa 40, ba shi da hutu, ba shi da kuɗin iyali, in ya tafi cin rani Kano ko Damagaram ma aikinsa na yini ne, ba takarda. Kuma shi ne ya jefa ƙuri'ar da ta ɗora Sawaba. An ce kowa ya ɗebo da zafi bakinsa, amma wannan zafin Faransa ce ta ɗebo ta miƙa wa wasu.

Ba Jibo kaɗai ya shiga wannan tsaka mai wuya ba. A Gine Seku Ture yana riƙe da gwamnati, a Sudan ta Faransa, wato Mali ta yau, Abdullahi Jallo na CGT ya zama ministan aiki. A wasu ƙasashen, irin Dahome da Sanagal, an yi yaji mai zafi tsakanin ma'aikata da gwamnatocin ƴan'uwansu. Amsar da shugabannin UGTAN da yawa suka bayar ita ce, a jingine rigimar albashi tukuna, a haɗa kai a kori mulkin mallaka, sauran magana ta biyo baya. Amsa ce mai ma'ana a lokacinta, amma tana da tsada. Ta ɗaure sandika a jikin jam'iyya, ta yadda duk abin da ya sami ɗaya sai ya sami ɗayar. Mulkin Jibo bai wuce wata 17 ba, bai samu sararin nuna yadda zai warware wannan ƙulli ba. A cikin ɗan lokacin nan ya tuɓe wasu sarakuna, abin da ya firgita sauran, ga kuma Turawan kasuwa da tun zamanin yaji ba su yafe masa ba.

Da Janar Dagol ya kawo zaɓen i ko a'a na ranar 28 ga Satumba 1958, Sawaba ta zaɓi a'a, wato ƴancin kai nan take, UGTAN ma haka. Faransa ba ta shirya sakin Nijar ba, ga yaƙin Aljeriya a arewa, ga Nijeriya a kudu tana shirin samun mulkin kai. Aka aiko sabon gwamna, Kolombani, wanda ya yi aiki da sojoji da kumandodi da sarakunan da suka juya wa Jibo baya. Mafi yawan masu rajista ba su fita ba, a cikin waɗanda suka fita kuwa kimanin 78 cikin 100 aka lissafa wa i. A watan Oktoba ya sauka. Aka rushe majalisa, aka sake zaɓe a Disamba, Jori Hamani ya hau. A Oktoba 1959 aka haramta Sawaba.

Sandikar ta bi jam'iyyar. Aka kori ƴan ƙungiya da yawa daga aiki, aka ɗaure wasu, waɗanda asalinsu na wasu ƙasashe ne aka mai da su gida. A 1960 aka kafa ƙungiya guda ta ƙasa, UNTN, wadda ke tafiya da jam'iyya mai mulki, ita ce aka sake wa suna USTN a zamanin Janar Seyni Kunce. Wakilan da suka koyi ciniki da wuya a shekarun 1950 da yawansu sun watse, aka koma renon wasu.

Shi kuwa Jibo ya yi gudun hijira, ya zauna a Bamako da Akara, daga baya Konakiri. A ƙarshen 1964 ƴan Sawaba da aka horar a waje suka shigo da makamai ta kan iyaka, aka murƙushe su cikin ƴan makonni. An harbe wasu a bainar jama'a, an tsare ɗaruruwa, wasu sun mutu a kaso. A watan Afrilu 1965 aka jefa gurneti a filin idi na Yamai da nufin kashe Jori, ya tsira, kamun ya ƙaru. Wannan shi ne babi mafi baƙi a tarihinsa, kuma nauyinsa ya fi faɗawa a kan irin mutanen nan da ya fara tarawa, direbobi da leburori da ƴaƴansu.

Abin da aka shuka a 1952 dai bai mutu ba, ko da yake wasu hannuwa ne suka ci gaba da ban ruwa. Nijar ta shiga Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya a 1961, ta yi dokar aiki tata a 1962, wadda ta gaji mafi yawan ayoyin tsohuwar, aka sabunta ta a 1996 da 2012. A ranar 15 ga Disamba 1972, shekara 20 cif bayan dokar farko, wakilan ma'aikata da na masu kamfanoni suka sa hannu a Yamai a kan yarjejeniya guda da ta haɗa sana'o'i duka. Jibo yana waje a ranar, ƙungiyar da ta gaji tasa ce ta zauna a madadin ma'aikata. Yarjejeniyar ta yi kusan shekara 50 tana aiki, da ita aka ɗauki ma'aikatan kamfanoni aka kuma sallame su tsawon zamanin yuraniyom, sai a 2022 aka sa hannu a kan sabuwa.

Bayan juyin mulkin 15 ga Afrilu 1974 ya komo gida. Zaman bai yi tsawo ba, a watan Agusta 1975 aka kama shi bisa zargin hannu a wani shirin juyin mulki, ya zauna a tsare har 1984. Ya rayu ya ga ranar da USTN ta ɓalle daga jikin hukuma, ta yi manyan yaje-yaje a 1990 tare da ɗalibai, har aka kai ga babban taron ƙasa na 1991. Ya farfaɗo da Sawaba, amma ta dare gida biyu, zamani kuma ya wuce da mutanensa. A 1992 ya fid da littafin tarihin gwagwarmayarsa da Faransanci. A zaɓen shugaban ƙasa na 1993 ya tsaya takara, bai samu kashi 2 cikin 100 ba.

Allah ya yi masa rasuwa a Yamai ranar 16 ga Afrilu 1998, yana da shekara kimanin 76. A 2021 aka buɗe gadar Fariye a kan kogin Isa, a hanyar da ta wuce ta gefen Sudure, aka sa mata sunansa.